Filin Tambaya da Amsa: Zoɓo, Citta da Darbejiya a Tankin Masana'anta

Wasiƙun wannan karon duk sun karkata wuri ɗaya: yadda ake fitar da launi, yaji, mai ko magani daga tsiro da yawan da zai zama sana'a. Injiniyoyin sinadarai da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

Daga wata mai karatu a Haɗeja: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata tana son daina sayar da busasshen zoɓo a buhu, mu koma sayar da kakkauran ruwansa ko garinsa ga masu yin lemo. Mun dafa shi a babbar tukunya har ya yi kauri, sai jan ya koma ruwan ƙasa. Ina kuskuren yake, kuma wane inji za mu saya?

Wa alaikumus salam, Hajiya. A jinkirta maganar inji tukuna, domin wuta ce ta ɓata muku aiki. Jan zoɓo sinadari ne mai suna antosayanin, yawansa wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin busasshen zoɓo, kuma a kansa mai saye yake biyan kuɗi. Abubuwa huɗu ke kashe shi: doguwar wuta, iska, baƙin ƙarfe, da raguwar tsami. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa cikin zoɓo ta ga yadda yake rikiɗa ya dushe nan take. Tukunyar da ta yi awa huɗu tana tafasa a buɗe ta haɗa biyu daga cikin huɗun, in ta ƙarfe ce uku.

Ga yadda ake yi. A tsince zoɓon, a rairaye yashi, a ɓarza shi gutsi-gutsi kamar milimita 2 zuwa 5. Kada a mai da shi gari, don gari yana toshe matata. A jiƙa a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyas, minti 30 zuwa awa ɗaya, ana juyawa a hankali. Tanki da bututu da famfo su zama sitenles, mai lamba 316 in da hali, saboda tsamin zoɓo yana wajen 2.5 a ma'aunin tsami na pH (ƙaramar lamba, tsami mai yawa), yana cin ƙarfe da alminiyon. Ruwan ma a duba shi: na burtsatse mai ƙarfe yana dusar da launi, na famfo mai kulorin yana koɗar da shi.

Sai lissafin da mutane da yawa ba sa yi. A ɗauka kilo 100 na zoɓo yana riƙe lita 200 na ruwa bayan an tsiyaye (ku auna naku da bokiti da sikeli, yakan bambanta). In kuka zuba lita 1,000 gaba ɗaya, lita 800 za ta fito, wato kashi 80 cikin 100 na abin da ya narke, sauran ya tafi bola tare da tuƙar. Amma a raba wannan lita 1,000 ɗin gida uku. Zubin farko lita 600 ya ba da kashi 67. Na biyu lita 200 ya kwaso rabin abin da ya rage, kusan kashi 17. Na uku lita 200 ya ƙara 8. An tashi da kashi 92, ba a ƙara ko kofi ɗaya na ruwa ba. Masana'antu suna wuce nan: su jera tanki uku ko huɗu, sabon ruwa ya fara shiga zoɓon da aka riga aka tatsa, ya bi ta na tsakiya, ya ƙare a kan sabon zoɓo. Ta haka ruwan yake fita da kauri, tuƙar ta fita fayau. In aka ƙara da injin matsa tuƙar, asarar ta sake raguwa.

Me ya sa ake rowar ruwa haka? Saboda duk litar da aka zuba sai an biya kuɗin ƙafar da ita. A ce lita 800 ɗin ta nuna 5 a ma'aunin kauri na Biriks, wato tana ɗauke da kilo 40 na narkakken abu, ku kuma kuna son kauri 40. Abin da zai rage kilo 100 ne, kilo 700 na ruwa sai ya tashi tururi. Wannan yana cin makamashi kusan megajul 1,650, kwatankwacin lita 55 zuwa 60 na dizal in aka haɗa da asarar tukunyar tururi. Shi ya sa mai hankali yake neman tukunyar tururin da ke cin ɓuntun shinkafa, ga shi kuwa Haɗeja ba ta rasa shi.

Ƙafarwar a rufaffen tanki ake yinta, wanda famfo ya zuƙe wa iska. In matsin ciki ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar na iskar waje, ruwa yana tafasa a digiri 60, launi ya tsira. Wannan tankin shi ne injin da ya kamata ku fara sa wa kuɗi. Bayan nan a bi da ruwan ta zafin digiri 85 na daƙiƙa 30 don kashe ƙwayoyin cuta, a sanyaya nan da nan. Gajeren zafi mai ƙarfi ya fi wa launi sauƙi a kan dogon zafi. Kauri 40 ba ya hana funfuna, sai da ɗakin sanyi ko sinadarin hana lalacewa mai suna benzowet, kuma in an sa benzowet kada a ƙara bitamin C: haɗuwarsu tana iya haifar da benzin mai guba, bitamin C ɗin kansa yana gaggauta mutuwar launi.

Gari kuwa, a ganinmu ku bar shi sai kasuwa ta zauna. Yana buƙatar injin busarwa ta feshi, iska ta shiga da zafin digiri 150 zuwa 180 ta fita da 80 zuwa 90, kuma ruwan zoɓo zalla mannewa yake yi a bangon injin saboda tsaminsa. Dole a haɗa shi da maltodestirin (wani gari da ake yi daga sitaci) ko ƙaron dakwara, kusan kilo ɗaya ga kowane kilo na narkakken zoɓo. Garin yana jan danshi sosai, in ba a rufe shi a leda mai alminiyon ba, damina ɗaya ta ishe shi ya dunƙule.

Daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a Kachiya: Muna jin cewa cittar da muke sayarwa a busasshe, a waje ake tatse ta a sayar da tsada. Me ake fitarwa, kuma mutum zai iya yi a nan?

Malam, abu biyu ake fitarwa, kuma hanyarsu daban. Akwai man ƙamshi, wanda tururi ke ɗaukowa, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na busasshiyar citta. Yana da ƙamshi, ba shi da yaji, domin jinjarol, sinadarin yajin, ba ya bin tururi. Sai oliyorezin, wani kakkauran danko mai duhu da ya haɗa ƙamshi da yaji, wanda ake samun kilo 50 zuwa 80 daga tan ɗaya na citta mai kyau. Shi masu lemo da biskit da nama ke nema, kuma jihar Kerala ta Indiya ce cibiyar wannan sana'a a duniya. Cittar kudancin Kaduna ta yi suna wajen yaji, wannan jari ne babba.

Aikin yana farawa tun a shanya. Ƙwayoyin man suna dab da ƙarƙashin ɓawo, don haka tsagaggiyar citta da ba a fere ba ta fi ferarriya. Danshi ya sauka zuwa kashi 10 ko 12. A niƙa ranar da za a tatsa, ɓarzajje kamar rabin milimita zuwa ɗaya, kuma kada a bar injin niƙa ya ɗau zafi, ƙamshin da ya cika ɗakin niƙa kuɗi ne da ya tashi sama. A zuba a dogon tankin sitenles mai rariya a ƙasa, a danna daidai wa daida. In gefe ɗaya ya fi sakwa-sakwa, sinadarin narkarwa zai buɗe wa kansa hanya ta nan ya wuce, sauran garin ko jiƙewa bai yi ba. A bi da sinadarin narkarwa, wato etanol mai ƙarfin kashi 95, ko asiton, ko etil asitet, ta tanki uku ko huɗu a jere kamar yadda muka faɗa a zoɓo. Etanol ya fi sauƙin samu amma yana kwaso sukari da tarkace. Asiton da etil asitet sun fi ba da danko mai tsabta. Ruwan zafi kam kada a kusance shi: kusan rabin busasshiyar citta sitaci ne, zai dame ya zama kunu, ba matatar da za ta tace shi.

Daga nan a janye sinadarin a tankin da aka zuƙe wa iska, zafi kada ya wuce digiri 50 zuwa 55. Zafi yana mai da jinjarol ya koma wani sinadari mai suna shogawol, kuma ɗakin gwajin mai saye daga yawan shogawol yake gane cittar da ta tsufa ko ta sha wuta. Ragowar sinadarin ma ana aunawa: dokar Amurka ta ƙayyade asiton a miligiram 30 cikin kilo, heksen 25, metanol 50 (su ma sinadaran narkarwa ne).

Inda ƙananan masana'antu ke karyewa ba a nan ba ne, a tuƙa ne. Garin da aka gama tatsa yana riƙe da ɗaruruwan litoci na etanol a kowane tan. Wanda ya kwashe ya zubar, kuɗin etanol ɗin da ya zubar yana iya cinye ribar dankon. Dole a hura tururi ta ƙasan tankin, a kamo etanol ɗin a sanyaya kafin a buɗe. Sannan citta mai danshi kashi 10 tana ɗauke da kilo 100 na ruwa a kowane tan, kuma wani kaso nasa cikin etanol yake shigewa. Zagaye bayan zagaye etanol ya yi ta tsinkewa har ya daina narkar da mai. Maganinsa hasumiyar tacewa da ke mai da shi kashi 95, a sa ta cikin kasafi tun farko.

Mutum zai iya yi a nan? Zai iya. Amma bayan cutar da ta afka wa gonakin citta na kudancin Kaduna a 2023, kada kowa ya gina masana'antar da cittar kaɗai take ci. Tankin da ke tatsar citta zai tatsi barkono da kurkum.

Daga wani mai karatu a Kano: Etanol ba giya ba ce? Yaya matsayin abincin da aka tatsa da ita?

Hukunci na malamai ne, Malam, mu ɓangaren aiki za mu faɗa. Etanol ɗin masana'anta ba don sha ake yinsa ba, kuma janye shi ake yi daga kayan har sai ɗan burbushi ya rage. Hukumomin shaidar halal na Malesiya da Indonusiya suna bambanta wanda ya fito daga masana'antar giya da wanda bai fito daga can ba, don haka a ajiye takardar asalin kowane duro, a kuma tambayi hukumar da mai sayenka ya yarda da ita kafin a zaɓi sinadari. Abin da babu ja a kai: etanol ɗin da aka gurɓata da metanol don aikin fenti da goge-goge kada ya shiga abinci. Metanol yana makantarwa, yana kisa.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Ina matse man dogon yaro ina sayar wa masu lambu a matsayin maganin ƙwari. Wani zubin ya yi aiki, wani zubin ko gezau. Me ke kawo haka?

Ɗan'uwa, ƙarfin maganin darbejiya yana cikin wani sinadari mai suna azadiraktin, wanda masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka fara warewa a 1968. Giram 2 zuwa 6 ne kawai a kilo ɗaya na ƙwayar, kuma ba ya son mai sosai. In ka matse, mafi yawansa a tunkuzar yake zama, man ya fito da ɗan abin da ya samu. Ga shi zafi da hasken rana da duk wani abu mai kanwa-kanwa suna rusa shi. Injin matsa da ya yi zafi, jarka fara da ta wuni a rana, garin sabulun wanki da aka zuba da yawa don man ya gauraya da ruwa, kowanne ya isa ya bambanta zubi da zubi.

Fara da 'ya'yan. A tara nunannu, a wanke naman cikin kwana ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa har danshi ya yi ƙasa da kashi 10, a ajiye da ɓawonsu a buhun algarara, sai ranar aiki a fasa. Ƙwayar da ta yi baƙi ko funfuna a zubar: ƙarfinta ya tafi, kuma tana iya ɗauke da gubar aflatoksin.

A masana'anta hawa-hawa ake bi. A fara cire man, wanda ya kai kashi 40 zuwa 45 na ƙwayar, da matsi mai sanyi. A tatsi tunkuzar da etanol ko metanol. A ƙafe a tankin da aka zuƙe wa iska ƙasa da digiri 45. A girgiza abin da ya rage da ruwa da etil asitet, azadiraktin ya koma cikin etil asitet ya bar sukari da tarkace a ruwa. Daga nan ne ake haɗa maganin da aka san ƙarfinsa. A Indiya ana sayar da shi da lambar yawan azadiraktin a jikin kwalba, kashi 300 ko 1,500 ko 10,000 cikin miliyan. Tan ɗaya na ƙwaya mai giram 3 a kilo, in an kama kashi 70, zai ba da kusan lita 1,400 na mai ƙarfin 1,500. Ba ido ko hanci ke tabbatar da lambar ba, sai na'urar ɗakin gwaji mai suna HPLC. A Najeriya cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya ta daɗe tana aiki kan darbejiya, rajistar maganin ƙwari kuma tana hannun NAFDAC.

Kafin ka kai nan, masu lambunka za su fi amfana da tsohuwar hanya: giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a lita ɗaya ta ruwa, ta kwana, a tace, a fesa da yamma a ranar.

Daga wani matashi a Daura: Na haɗa duro da bututu ina dafa ganyen itacen turare don fitar da mai. Ƙamshi yana cika unguwa amma man kaɗan ne, kuma yana warin ƙauri.

Man naka ne ya cika unguwar, samari. Bututun sanyayawarka ya yi kaɗan, tururi yana fita bai koma ruwa ba. Kowane kilo na tururi, kafin ya zama ruwa ya huce zuwa digiri 35, sai an zare masa kilojul 2,500. In ruwan sanyayawa yana shiga da digiri 30 yana fita da 60, kana buƙatar lita 20 ga kowane kilon tururi. Duro ɗaya na tsayayyen ruwa ba ya daɗewa yake ɗaukar zafi ya daina aiki. Ruwan ya riƙa gudana, ya shiga ta ƙasa inda tururin ke fita, ya fita ta sama inda yake shiga. Taɓa abin da ke ɗiga: in ya fi ɗumin jiki sosai, rage wuta.

Ƙaurin kuma daga ganyen da ya taɓa gindin duro ne. Sa rariyar ƙarfe ta ɗaga ganyen sama da ruwa, kada ka bari ruwan ya ƙafe. In da hali ware tukunyar tururi daban. Bar ganyen ya yi yaushi kwana ɗaya a inuwa, ka danna shi sosai musamman ta gefe-gefe, don ta jikin bango tururi ke sulalewa. Awa 2 zuwa 3 ta isa. Tara abin da ya ɗiga a mazubi mai baki biyu, mai ya taso ya fita ta sama, ruwa ta ƙasa, sannan ka tsotse ragowar ruwan da busasshen sodiyom salfet, ka adana a kwalba mai duhu cike har wuya.

Kada ka sa ran ya wuce lita ɗaya ko biyu daga kilo 100 na ɗanyen ganye. Ka kuma san irin itacenka. Irin da ake kira kamaldulensis, wanda ya cika shingayen kare hamada, sau da yawa mansa ba ya kai kashi 70 na sinadarin siniyol da masu haɗa magani ke nema; sitiriyodora mai ƙamshin lemun tsami kasuwarsa daban ce, ta sabulu da maganin sauro. Kada a sa bawul a kan bututun fita ko da wasa. Duro ba a yi shi don matsi ba, in hanya ta toshe fashewa zai yi.

Daga wani mai injin man gyaɗa a Gusau: An ce da heksen zan iya kwashe man da ya rage a tunkuza. In gwada a tanki a bayan shago?

A'a, Alhaji. Gaskiya ne injin matsa yakan bar kashi 6 zuwa 10 na mai, heksen kuma ya sauke shi ƙasa da kashi 1. Amma heksen yana kama wuta tun a sanyin digiri 22 ƙasa da sifili, tururinsa ya ninka iska nauyi sau uku, yana bin ƙasa yana taruwa a rami da kwata, kuma kashi 1 da ɗoriya a cikin iska ya isa ya fashe da tartsatsin makunnin fitila. A 1981 a birnin Luwibil na Amurka, heksen daga wata masana'antar waken suya ya malala magudanan ƙarƙashin ƙasa, ya tashi ya farfasa tituna. Wannan aiki na rufaffiyar masana'anta ne, mai injinan lantarki marasa tartsatsi, mai cin tan masu yawa a rana. Kai gyara danshin gyaɗar da zafinta kafin matsi, ka canja haƙoran injin da suka cinye, ka sayar da tunkuzar ga masu abincin kaji ko manyan masana'antu.

Daga wata ɗalibar injiniyan sinadarai a Zariya: A ɗakin gwaji na samu sakamako mai kyau da kwalbar lita ɗaya. Zan iya ninkawa sau dubu in zana masana'anta? Kuma me kuke gani game da tatsa da iskar kabon mai matsi?

Ba a ninkawa kai tsaye, Malama. Daga lita 1 zuwa 1,000, faɗin tanki ya ninka sau 10, bangonsa sau 100, cikinsa sau 1,000. Bangon da kowace lita ke samun zafi ko sanyi ta jikinsa ya ragu sau goma, abin da ya yi zafi a minti biyar yanzu sai ya doshi awa, sinadarin da ba ya son wuta yana ciki yana jira. Takardar tacewa ta ɓoye miki wahalar tace tan ɗaya, na'urar tatsa ta Sokslet kuma tana wanke samfur da sabon sinadari sau da dama, abin da ba masana'antar da za ta iya biya. Ki bi ta lita 20, sannan 200. A kowane hawa ki auna abin da ya shiga da abin da ya fita har lissafi ya haɗu, ki rubuta lita nawa ta sinadari ta ɓace a kowane kilo, ki kuma gwada kayan gona na wurare da lokuta daban-daban. Zaɓen zafi da sinadari ba ƙaramin abu ba ne: Tu Youyou ta Sin ba ta kama maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin ba sai da ta bar tafasa ganyen ta koma tatsa da wani sinadarin narkarwa (ether) a ƙarancin zafi a 1971, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015.

Iskar kabon (wadda ke sa lemon kwalba kumfa) tana zama mai narkarwa in ta wuce digiri 31 da matsi 74 a ma'aunin bar (bar ɗaya kusan matsin iskar waje ne), a aikace kuma ana kai ta bar 200 zuwa 300. Ba ta barin burbushi, ba ta kama wuta, tana ba da dankon citta mai kyan gaske, da ita ake cire kafeyin daga kofi. Sai dai tana son kayan mai, ba ta ɗauko irin launin zoɓo sai an haɗa mata etanol. Tankunanta masu kaurin bango ne, famfonta yana son lantarkin da ba ya yankewa, robobin toshe bakinta daga waje ake odarsu. In babu mai saye da ya sa hannu zai biya ƙarin kuɗin, ki zana da etanol.